Daga gishirin miya zuwa alif: yadda na koyi raɗa wa sinadarai suna

Duk mai son shiga makarantar koyon aikin jinya ko ungozoma a Najeriya sai ta kawo kiredit biyar: Turanci, lissafi, fizik, kemistiri da bayoloji. Huɗu nake da su tun gama sakandare. Kemistiri ne ya rage, aure da raino suka shiga tsakani, shekaru suka yi ta tafiya. Da na ɗaura niyyar komawa, maigida ya biya min kuɗin jarrabawar NECO ta 'yan waje da ake yi a ƙarshen shekara, ya kuma sa ni a darasin yamma da wani tsohon malamin sakandare ke yi a zauren gidansa a Zariya. Da safe ina tsaron kemis ɗin yayana, bayan la'asar in ɗauki littafi in tafi. 'Yan ajin kusan duk na girme su nesa ba kusa ba, Anti suke ce min.

Babi ɗaya zan ba da labarinsa, domin sai an bi ta kansa ake kaiwa ga sauran kemistiri: yadda dangin ƙarfe ke haɗuwa da waɗanda ba ƙarfe ba su ba da gishiri iri-iri, da yadda ake raɗa wa kowane haɗi suna. A jarrabawa da Turanci ake rubuta sunayen, amma a nan zan rubuta su yadda suke fita a bakinmu. Dukkanmu mun zo da tunanin hadda za a yi, sunaye rututu da fomula rututu. Malam ya ce abin haddacewa a babin nan bai cika shafi ɗaya ba, saura duk ƙidaya ce, kuma ba zai ba mu ko suna ɗaya ba sai mun iya ƙidayar.

Da marafen kwalbar lemo ya fara. Ya zana da'ira uku da alli a kan simintin zauren, wata cikin wata, ya ce tsakiyar ita ce cibiyar atam, wato ƙwayar zarra, inda furoton suke, kowanne da cajin tarawa ɗaya. Marafen su ne elektaron, kowanne da cajin ɗebewa ɗaya. Da'irar farko biyu take ɗauka, ta biyu takwas, ta uku ma takwas, muddin ba a wuce sinadarai ashirin na farko ba a jadawalin da ake jera sinadarai a kansa. Ya miƙo min marafe 11 ya ce, "Malama, jera mana sodiyam." Na sa biyu, na sa takwas, ɗaya ya rage shi kaɗai a da'irar waje. Wata yarinya ta jera kulorin a gefe da marafe 17: biyu, takwas, bakwai. Tun kafin Malam ya yi magana kowa ya ga inda aka dosa, nan ga ɗaya a waje, can ga gurbin ɗaya. Ya sa aka jera niyon, 2 da 8, aka jera agon, 2, 8, 8. Waɗannan iskokin, in ji shi, da'irarsu ta waje a cike take, shi ya sa da wuya su shiga haɗi da wani, kuma sauran sinadarai idan sun haɗu yawanci irin wannan tsarin suke komawa.

Na ɗauke marfin nan guda na kai shi gurbin kulorin. Malam ya rubuta Na⁺ a gefena, ya rubuta Cl⁻ a gefen yarinyar, ya ce atam ɗin da ya samu caji ayon ake ce masa. Yarinyar ba ta gamsu ba.

"Malam, ta yaya wanda ya rasa abu zai zama mai tarawa?"

"'Yata, me ya rasa?"

"Elektaron."

"Wane caji gare shi?"

"Na ɗebewa."

"To ƙirga min abin da ya rage."

Ta ƙirga. Furoton 11 suna nan ba wanda ya taɓa su, elektaron sun koma 10, tarawa ta fi da ɗaya. A kulorin furoton 17, elektaron 18, ɗebewa ta fi da ɗaya. Caji biyu masu saɓani suna jan juna, wannan jan kuwa shi ne haɗin ayon gaba ɗayansa, babu wata igiya a tsakani. Wani masani Bajamushe, Walther Kossel, ne ya fito da wannan bayanin a 1916.

Abin da ya tsaya min a rai ran nan shi ne girman sauyin da elektaron ɗaya tak ke kawowa. Sodiyam ƙarfe ne mai taushi da wuƙa ke yankawa, a cikin mai ake ajiye shi, domin in ya taɓa ruwa sai ya hau tartsatsi, wani lokaci har ya kama da wuta. Humphry Davy ne ya fara ware shi a Ingila a 1807. Kulorin iska ce mai guba wadda aka hallaka sojoji da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1915. Su biyun nan su ne gishirin da muke barbaɗawa a miya. Ayon da atam ɗin da ya fito daga cikinsa halinsu daban ne ƙwarai, kuma duk lokacin da likita ya ce sodiyam ɗin mara lafiya ya yi ƙasa, Na⁺ yake nufi.

Wani yaro ya ce a makarantarsu an gaya musu sodiyam ne ya auri kulorin. Malam ya girgiza kai. "Ban yarda da auren nan ba. A aure kowa ya san nasa. A gishiri babu Na⁺ ɗin da zai nuna maka Cl⁻ ɗinsa." Ya zuba ɗanyen gishiri mai manyan ƙwayoyi a kan baƙar leda, ya ba mu gilashin ƙara girma muna karɓa ɗaya bayan ɗaya. Ƙwayoyin da ba su farfashe ba duk siffarsu ɗaya, fuska shida, kusurwa a miƙe sak. Ya ce abin da ke ciki ne ya bayyana a waje. Kowane Na⁺ akwai Cl⁻ shida kewaye da shi, sama da ƙasa, gaba da baya, dama da hagu, kowane Cl⁻ ma akwai Na⁺ shida kewaye da shi, haka jerin yake tafiya har bakin ƙwayar. Wani uba da ɗansa a Ingila, William Bragg da Lawrence Bragg, su suka gano wannan jerin a 1913 da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, aka ba su kyautar Nobel a 1915. Saboda haka NaCl ba ya nufin wata 'yar ƙwaya mai atam biyu. Kaso yake faɗa, ɗaya ga ɗaya.

Da wannan jerin a gabanmu, halayen gishiri da ake sa ɗalibai su haddace suka zo da kansu. Kafin ya narke a wuta sai an kai digiri 801 a ma'aunin Salshiyos, domin kowane ayon ana riƙe da shi ta ko'ina. Magnesiyam oksayid, da cajinsa yake biyu da biyu, sai an haura digiri 2,800, shi ya sa ake jera tubalinsa a cikin tanderun narka ƙarfe. Gishiri yana dakuwa a turmi domin duka na gusar da layi ɗaya, masu caji iri ɗaya su fuskanci juna, su ture juna, ƙwayar ta tsage.

Sai gwajin ƙwan fitila, wanda har yau nake ganin babu dalilin da zai sa a koyar da babin nan ba tare da shi ba, tunda kayansa ba su fi ƙarfin kowace makaranta ba. Batir ne, da waya, da ɗan ƙwan da aka ciro daga matacciyar tocilan, da gawayin cikin tsohon batir guda biyu. Malam ya cusa gawayin a busasshen gishiri, ƙwai bai kama ba. Ya tsoma su a ruwan batir, wato tataccen ruwan da masu cajin batirin mota ke sayarwa, bai kama ba. Ya zuba sukari ya motsa, shiru. Ya ɗauko wani kofin ya zuba gishiri, yana motsawa ƙwan yana ƙara haske. Da muka gwada ruwan rijiyar gidan, ya ɗan yi ja-ja, alamar akwai narkakkun ayon a ciki tun daga ƙasa. A busasshen gishiri ayon suna nan amma an kafe su wuri ɗaya. Ruwa ne ya raba su suka samu damar tafiya, tafiyar tasu kuma ita ce wutar. Michael Faraday ne ya shigo da kalmar ayon a 1834, sannan Svante Arrhenius na Suwidin ya kawo a 1884 cewa gishiri yana rabuwa zuwa ayon da zarar ya narke a ruwa, ko da ba a jona masa wuta ba.

Washegari a kemis na ɗauko ledar ƙarin ruwa na karanta. An rubuta 0.9%, wato giram 9 na NaCl a kowace lita. Na duba ƙunshin gishiri da sukari da ake ba yara masu gudawa, ga sodiyam kulorayid, ga fotasiyam kulorayid. Jijiyoyi da tsoka da bugun zuciya duk da zirga-zirgar Na⁺ da K⁺ da Ca²⁺ suke aiki, kuma gudawa tana kwashe su tare da ruwan jiki.

Bayan nan ne Malam ya ba mu shafin haddar, kuma ko shi daga jadawali yake fitowa. 'Yan rukunin farko, sodiyam da fotasiyam, elektaron ɗaya ke da'irarsu ta waje, cajinsu +1. 'Yan rukuni na biyu, magnesiyam da kalsiyam, +2. Aluminiyam +3. Ta ɗaya ɓangaren, fulorin da kulorin da buromin da ayodin −1, oksijin da salfa −2, naitirojin −3. Doka ɗaya ce ke kan duk wani haɗin ayon: in aka tara cajin tarawa da na ɗebewa, sifili za a samu.

Muka koma kan marafe. Kalsiyam, 2, 8, 8, 2, yana da biyu a waje, kulorin kuwa gurbin ɗaya gare shi, don haka sai an kawo kulorin na biyu: CaCl₂. Oksijin, 2 da 6, gurbin biyu gare shi, sodiyam ɗaya ba zai cike ba: Na₂O. A kan aluminiyam da oksijin muka daɗe. An ba da uku, ana karɓar biyu, kullum ɗaya na ragewa, in aka ƙaro oksijin sai gurbi ya rage. Muka yi ta ƙara wannan muna ƙara wancan har simintin ya cika da da'ira, sai aka tsaya a aluminiyam biyu da oksijin uku, shida aka bayar, shida aka karɓa: Al₂O₃. Sai a lokacin Malam ya tambaye mu ƙaramar lambar da uku da biyu ke shiga cikinta ba saura. Lissafin firamare ne ashe.

Akwai gajeriyar hanya da kowane ɗalibi ya sani, a sauko da lambar cajin wannan ƙarƙashin wancan, ta wancan ƙarƙashin wannan. Malam ya hana mu ita sai da muka gama da marafe, kuma na ga dalilinsa. Yaran da suka zo da ita daga wani wuri, da aka ba su magnesiyam da oksijin, Mg₂O₂ suka rubuta. Wanda ya taɓa ɗauke marafe biyu ya cike gurbi biyu da hannunsa ya san ɗaya da ɗaya sun wadatar, MgO. Hanyar tana aiki, amma sai an tuna a rage lambobin zuwa mafi ƙanƙantar kaso.

Sunan kansa, da muka iso gare shi, bai ɗauki lokaci ba. Mai cajin tarawa ake fara faɗa, sunansa yadda yake. Mai cajin ɗebewa ya biyo baya, a yanke ƙarshen sunansa a sa "ayid": kulorin ya koma kulorayid, oksijin oksayid, salfa salfayid, naitirojin naitirayid. Ba a faɗin adadi a sunan. CaCl₂ kalsiyam kulorayid ne kawai, domin duk wanda ya san kalsiyam +2 ne ya san kulorayid biyu za su zo. Wannan tsari na cewa suna ya faɗi abin da ke cikin haɗi ya samo asali ne daga Antoine Lavoisier da abokan aikinsa uku a Faransa a 1787. Kafin su, da launi ko gari ko sunan mutum ake kiran abubuwa. Magnesiyam salfet, alal misali, gishirin Epsom ake ce masa, saboda garin da ake samun sa a ruwan marmaro a Ingila.

Inda aiki ya dawo sabo shi ne kan ƙarafan da ba su tsaya a caji ɗaya ba. Zan kira su da sunayensu na Hausa don kada a rikice, domin sunan ƙarfe da Turanci yana kama da kalmar ayon a baki. Ƙarfe, Fe, yana iya ba da elektaron biyu, yana iya ba da uku. Jan ƙarfe, Cu, ɗaya ko biyu. Dalma, Pb, biyu ko huɗu. In ka ce ƙarfe kulorayid ka tsaya, ba ka faɗi komai ba, tunda akwai FeCl₂ akwai FeCl₃, kuma ko a ido ba su yi kama ba. Maganin da wani Bajamushe, Alfred Stock, ya kawo a 1919 shi ne a rubuta cajin ƙarfen a cikin baka, daga baya aka koma rubuta shi da lambar Romawa: ƙarfe (II) kulorayid, ƙarfe (III) kulorayid. Malam ya maimaita mana har ya gaji cewa lambar nan caji ce, ba yawan atam ba. Ya rubuta Cu₂O da CuO a allo ya ce a ba su suna. Rabin aji suka ba na farko (II) saboda sun ga 2 a jikinsa. Hanyar ita ce a fara daga wanda aka san cajinsa. Oksijin −2 ne. A Cu₂O jan ƙarfe biyu ne suka raba +2, kowanne +1, sunansa jan ƙarfe (I) oksayid. A CuO guda ɗaya ne ya ɗauki +2 duka, shi ne (II). Haka Fe₂O₃: oksijin uku −6, ƙarfe biyu su raba +6, kowanne +3. Wannan shi ne tsatsa, idan ya haɗu da danshi.

Ni wannan sashen a kan kanta na same shi. Shekara da shekaru ina miƙa wa masu ciki maganin ƙarin jini da aka rubuta wa feros salfet. Na kawo kwalin na nuna wa Malam, ya ce tsohon suna ne, feros na nufin Fe²⁺, ferik na nufin Fe³⁺, kuma kamfanonin magani ba su bar shi ba. FeSO₄ ne, ƙarfe (II) salfet, kuma an zaɓi mai +2 ne domin hanji ya fi tsotse shi. Ya narkar da koren gishirinsa a kofi ya ajiye a taga. Da muka dawo darasi na gaba ruwan ya soma komawa ruwan ƙasa, iska ta karɓe elektaron ɗaya daga Fe²⁺ ta mai da shi Fe³⁺. A ranar ne kuma ya ce mana yawancin tozalin dutse da ake niƙawa PbS ne, dalma (II) salfayid, kuma dalma tana illata ƙwaƙwalwar yara ko da kaɗan-kaɗan take shiga. Masu jego da ke zuwa kemis ina gaya musu su bar ranbaɗa wa jarirai shi, wasu su ji, wasu su ce kakanninmu ma sun sa.

Sai gungu-gungu, wato atam da yawa da suka manne suka ɗauki caji ɗaya a tare. Waɗannan kam hadda ce, amma ba su da yawa: haidiroksayid OH⁻, naitiret NO₃⁻, baikabonet HCO₃⁻, kabonet CO₃²⁻, salfet SO₄²⁻, fosfet PO₄³⁻, da amoniyam NH₄⁺, wanda shi kaɗai ne mai tarawa a cikinsu. Ana ɗaukar gungu tamkar ayon ɗaya, ba a taɓa lambobin cikinsa. Kalsiyam +2 da kabonet −2 sun yi daidai, CaCO₃, dutsen da ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe ana yin siminti. In ana bukatar gungu fiye da ɗaya sai a sa shi a baka: Ca(OH)₂. Wanda ya rubuta CaOH₂ ya ce oksijin ɗaya da haidirojin biyu ke nan, kuma maki ya tafi. (NH₄)₂SO₄, amoniyam salfet, takin zamani ne, haɗin ayon ne cikakke alhali babu ƙarfe ko ɗaya a cikinsa.

Ɗalibin Najeriya yana da wani ƙarin nauyi a nan. Littattafanmu da takardun WAEC da NECO dogayen sunaye suke amfani da su. Salfet a wurinsu tetira-okso-salfet (VI) ne, kabonet tirai-okso-kabonet (IV), naitiret tirai-okso-naitiret (V). Da farko suna da ban tsoro, amma su ma ƙidaya ce. Tetira huɗu, okso oksijin, wato oksijin huɗu kewaye da salfa. Oksijin huɗu −8 ne, gungun gaba ɗaya −2, dole salfa ya zama +6, ga (VI) ɗin. A kabonet oksijin uku −6, gungu −2, kabon +4. A naitiret −6 da −1, naitirojin +5. Amfanin dogon suna shi ne daga jin sa za ka rubuta fomula ko da ba ka taɓa ganin gungun ba. Abin da nake ganin ba a kyauta ba shi ne a koya wa yaro dogon kaɗai a ƙyale shi. Ba a rubuta tetira-okso-salfet a jikin kwalbar magani ko buhun taki, kuma ita kanta IUPAC, ƙungiyar duniya da aka kafa a 1919 mai kula da sunayen sinadarai, ta amince da gajerun. Malam yakan rubuta biyun gefe da gefe a kowane misali, ya ce ɗaya na ɗakin jarrabawa ne, ɗaya na wurin aiki, kuma duka za mu shiga.

Ya fi tsananta mana a kan ƙarshen suna, musamman mu masu nufin asibiti. Salfayid S²⁻ ne babu oksijin, salfayit SO₃²⁻, salfet SO₄²⁻. Naitirayit NO₂⁻ ne, naitiret NO₃⁻. Sodiyam kulorayid gishirin miya ne, sodiyam haifo-kulorayit kuwa, NaOCl, shi ne bilic na wanki, oksijin ɗaya ne tsakaninsu. Sodiyam naitirayit fari ne kamar gishiri, kuma an sha samun waɗanda suka mutu saboda an zuba shi a abinci bisa kuskure. "Malama," ya ce da ni, "ranar da za a ba ki allura biyu masu kama da ruwa, ɗaya sodiyam kulorayid ɗaya fotasiyam kulorayid, babu wanda zai tsaya a kanki. Ta biyun in aka tura ta a jijiya ba a sirka ba, zuciya take tsayarwa." Ya kuma ambaci magnesiyam salfet, MgSO₄, allurar da ake yi wa mai ciki idan jijjiga ta kama ta. Duk wanda ya zauna a Arewa ya san gidan da wannan ciwon ya shiga. Tun daga lokacin ba na karanta sunan magani in tsaya a rabi.

Aikin gida na ƙarshe a babin shi ne kowa ya kawo abu daga gida, a nemo ayon ɗin da ke ciki, a rubuta fomula, a ba da suna biyu. Na kawo kanwa da ruwan toka da alif. Malam ya matsa lemun tsami a kan garin kanwa, ta hau kumfa, ya ce iskar kabon ce ke fita, shaidar akwai kabonet. Kanwar da ake kawowa daga yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga yawancinta sodiyam kabonet ce da sodiyam baikabonet, gauraye da gishiri da ƙasa. Na rubuta Na₂CO₃, sodiyam biyu domin kabonet −2 ne, na rubuta NaHCO₃, ɗaya da ɗaya. A kasuwa fotash ake ce mata da Turanci, amma fotasiyam ɗin cikinta kaɗan ne. Mai fotasiyam na gaskiya shi ne ruwan tokar da ake tatsa daga tokar kara, K₂CO₃, fotasiyam kabonet, ko fotasiyam tirai-okso-kabonet (IV). Alamar Na ma daga natron ta samo asali, irin kanwar da mutanen Masar na dā suke haƙa.

Kafin mu taɓa alif sai da ya nuna mana ma'anar ɗigon da ake sawa a tsakiyar wasu fomuloli. Ya ɗora shuɗin gishirin CuSO₄·5H₂O a cokali a kan risho. Tururi ya tashi, shuɗin ya koma fari. Da ya huce ya ɗiga masa ruwa, shuɗin ya dawo nan take, cokalin ya yi ɗumi. Ruwan nan biyar a cikin jerin ƙwayar suke zaune, ba jiƙa ba ce, kuma ana faɗin adadinsu a suna: jan ƙarfe (II) salfet fenta-haidiret.

Alif, wanda wasu ke ce wa alam, shi ya fi kowanne tsawo. Malam ya ba ni ayon ɗin kawai, K⁺ da Al³⁺ da SO₄²⁻, ya ce akwai ruwa 12, in haɗa da kaina a allo. Ɗaya da uku huɗu. Salfet −2 ne, ana bukatar biyu, don haka baka ta shigo. Na rubuta KAl(SO₄)₂·12H₂O, fotasiyam aluminiyam salfet mai ruwa 12. Ya ce wanda ake zubawa a manyan matatun ruwa yawanci ɗan'uwansa ne marar fotasiyam, ya sa yarinyar nan mai tambaya ta rubuta shi. Ta yi lissafin uku da biyu kamar yadda muka yi a kan siminti, ta rubuta Al₂(SO₄)₃. Ta tambayi abin da ya sa yake kwantar da laka a randa. Ya ce ƙananan ƙwayoyin laka cajin ɗebewa gare su, suna ture juna, shi ya sa suke yawo a ruwa ba sa sauka. Aluminiyam mai +3 yana kashe musu cajin, su dunƙule, su yi nauyi, su kwanta a ƙasa. Ya gargaɗe mu cewa ruwan ya yi garau ba ya nufin ƙwayoyin cuta sun mutu, sai an tafasa ko an sa kulorin.

Da za mu tashi ya ce darasi na gaba kowa ya zo da sukari da guntun kyandir da ɗan kananzir a kwalba, a kuma taho da batir ɗin nan da ƙwan fitila, za mu duba waɗanda ba sa bayarwa ba sa karɓa, sai dai su yi tarayya a kan elektaron.